Garken Injiniya

Shekara arba'in da ɗoriya ina bin sawu. Na bi na shanu, na bi na waɗanda suka kora shanun, na taɓa bin na wani tsoho da ya fita shan iska ya manta ƙofar gidansa. Amma ba a taɓa kirana a kan kisan abin da ido ba ya gani ba sai wata Talata da safe. Ina zaune ina murza wa gwiwata man zafi, mai unguwa ya yi sallama yana haki.

"Baba Mai Sawu, taso. An kashe garken Injiniya."

Na ajiye kwalbar man. Injiniya abokina ne tun muna samari, kuma wata shida ke nan da muka binne shi. Bai taɓa mallakar ko akuya ba. Garkensa yana bayan unguwa, inda kwatocinmu duka suke haɗuwa. Can ya kafa rumfar kwano, ya jera tankuna huɗu masu tsayin ƙugu. Ruwan kwata yana shiga na farko baƙi ƙirin, da warin da zai kori kare, ya fito ta na huɗu garau, har masu lambu suna ban ruwa da shi. A cikin kowane tanki akwai farantan gawayi a jere, kowanne da waya a kansa. A jikin farantan nan wasu ƙananan halittu suke zaune, ba a ganinsu sai da madubin likita. Su suke cinye ƙazantar ruwan, in sun ci kuma su saki wuta kaɗan-kaɗan ta cikin wayar. Wutar ba ta taka kara ta karya ba: fitila ɗaya a ƙofar rumfar, uku a bakin famfon unguwa. Amma shekara goma sha ɗaya fitilar ƙofar nan tana ci, dare da rana.

Ranar da ya fara nuna mini, ya zaro faranti ɗaya, duk ya yi yauƙi ja-ja-ja. Na toshe hanci. Ya yi dariya ya ce, "Wannan yauƙin da kake ƙyama, shi ne garken. Shekara uku ina kiwonsu daga laka kafin su yarda su ba ni wuta." Mutane suka sa masa Sarkin Kwata, tun ana yi a bayan idonsa har aka koma yi a gabansa. Shi ko a jikinsa.

Da ya rasu, 'yarsa Auta, wadda ta karanci irin aikinsa, ta bar aikinta a birni ta dawo ta riƙe wurin. Ita ta yi ta sintiri har manyan ma'aikatar ruwa suka yarda za su zo ranar Alhamis su ga fitilar da idonsu. In sun gamsu, za a gina irin tankunan a wasu unguwanni, a sa musu sunan ubanta. Saura kwana biyu ke nan.

*

Na tarar da rabin unguwa a ƙofar rumfar, sun tattake ƙasa kamar an ci kasuwa. Abin da ke ƙona mini rai da mutanenmu ke nan. Za su aika a kira mai bin sawu, sannan su taru su yi rawa a kan sawun kafin ya iso.

"Ku ja da baya!" na ce. "Wanda ya ƙara taku ɗaya, sawunsa zan bi har ɗakin uwarsa."

Fitilar ƙofa a mace take. A ciki Auta ce durƙushe gaban tanki na uku, da jakar tafiya har yanzu a kafaɗarta. Jiya da sassafe ta tafi birni kai takardu, ta kwana can, motar farko ta sauke ta nan kai tsaye. A hannunta akwai wata 'yar mita mai allura, irin wadda ubanta yake gwada ƙarfin wutar da ita. Tana taɓa waya, tana kallon allurar, tana komawa wata wayar. Allurar tana kwance abinta.

"Baba," ta ce, ba ta ɗago ba, "shinshina."

Na shinshina. Babu warin kwata. Warin bilic ne, ruwan wankin nan mai shiga ido.

"An zaro farantan ɗaya bayan ɗaya an kankare su. An tuttula bilic a tankunan duka huɗu. Ba su bar ko ɗaya ba." Ta zaro faranti ta miƙo mini. Baƙi ne tas, yana sheƙi. "Tufafinsa an rabar. Littattafansa takarda ce. Wannan kaɗai ya rage mini nasa mai rai, Baba. Da hannunsa ya ciyar da su. Duk wanda ya yi mini wannan, ban yafe ba duniya da lahira, kuma sai na ga an ɗaure shi."

Ban hana ta ba. Ni ma a lokacin da za a ba ni mutumin, da sandar nan zan fara.

Daga waje ana ta jefa sunaye. Wasu sun ce mai rini ne, don sun taɓa yin cacar baki da marigayi. Wasu sun ce mai cajin waya. Mafi yawa sun ce mai gadin rumfar ne, tunda kwaɗo lafiyarsa lau, ba a fasa ba, kuma makulli biyu ne, ɗaya wurin Auta, ɗaya wurinsa. Har wasu samari sun riƙe masa riga. Mai unguwa ya ce in ban kawo wata magana kafin rana ta yi sanyi ba, zai miƙa shi ga 'yan sanda.

Na kori kowa, na tsuguna da gwiwar tawa mai ƙara. Daɓen rumfar ƙasa ce, amma babu sawu ko ɗaya sai na Auta da nawa. An share wurin.

"Ka gani ko?" in ji mai unguwa daga bakin ƙofa. "Ya share sawunsa. Ƙwararre ne."

Na duba sharar da kyau. Tsintsiya ta bi ko'ina, layi bayan layi, daga hagu zuwa dama. A kusurwa, gefen benci, takalman roban Injiniya suna tsaye inda ya cire su ranar da ya yi aikinsa na ƙarshe, da busasshiyar laka a jikinsu. Na kau da kai, don ba na son kallonsu.

*

Mai gadi na fara kira gefe. Dattijo ne siriri, yana ta murza hularsa. Na tambaye shi inda yake jiya.

"Ina nan, Baba. Ko nan da can ban je ba."

"Tun safe har yamma?"

"Har yamma."

"To ɗaga ƙafarka."

Ya ɗaga. A ƙasan takalminsa akwai wata farar tsakuwa ƙanana da ta maƙale. Babu irinta a unguwarmu. A harabar asibiti aka zuba ta, ni da nake zuwa a duba mini gwiwa na san ta sarai.

"Wa ke kwance?"

Sai ya fashe da kuka, babba da shi. Matarsa ce, tun shekaranjiya. Da ya ga Auta ta hau mota, sai ya kulle rumfar ya tafi jinya, bai dawo ba sai gab da faɗuwar rana. Ya tarar da wuri fes, ya ɗauka Auta ce ta sa aka gyara saboda baƙi. Fitila kuma ta riga ta yi ja, tana lumshewa. Kafin ya gama shimfiɗa tabarmarsa ta mutu.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Baba, in na ce ba na nan, aikina ya tafi. In na ce ina nan, ni na yi. Wanne zan ɗauka?"

"Makullin fa?"

Ya zaro shi daga wuyansa, a ɗaure da igiya. Ya rantse bai taɓa cire shi ba, ko wanka da shi yake yi. Igiyar ta yi baƙi, ƙullinta ya daskare da datti. Wannan ƙullin ya shekara ba a kwance shi ba.

*

A bayan shinge, wajen da ruwa mai kyau yake fita, na samu sawun da jama'a ba su kai ga tattakewa ba. Ƙaton takalmi ne, mai shi yana taka gefen ƙafa, ga ɗigon shuɗi nan da can a kan ciyawa. Na ce a raina, biri ya yi kama da mutum. Na bi shi tiryan-tiryan har ƙofar mai rini.

Na same shi yana matse zane, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu. Da ya gan ni ya haɗe rai.

"Na san za a zo. Duk abin da ya lalace a unguwar nan, mai rini ne."

"Kun yi faɗa da marigayi."

"Mun yi. Ya hana ni zuba ruwan rini a kwata, wai yana sa wa dabbobinsa ciwon ciki. Na ce masa dabbar da ba ta da ciki ina za ta samu ciwonsa? Shekara biyar ke nan. A rami nake zubawa tun daga ranar."

"To me ya kai ka bayan shinge jiya da rana?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi wasu jarkoki shida da ke jere a inuwa. Sai na gane. Sawunsa na zuwa marar nauyi ne, na komawa ya nutse. Mutumin da ya fi kowa zagin ruwan Sarkin Kwata, shi ne yake lallaɓawa yana ɗiba, don ya fi na rijiya kama launi.

"Kar ka faɗa wa mutane, Baba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ni zan kashe abin da nake ci da shi?"

"Da kake ɗiba, ka ji motsi a ciki?"

"Na ji ana kankara, ƙurrr, ƙurrr. Na ɗauka 'yar ce. Har da waƙa ake yi a hankali, irin ta mata in suna aiki."

Mai caji kuwa bai ɗauke ni minti biyu ba. Yana zaune cikin wayoyinsa, janareto na ta ɓaɓatu. "Wai ni? Wutar da ba ta iya cajin waya uku ita za ta kashe mini kasuwa? Ai ni fitilun famfon nan sun taimake ni, masu ɗiban ruwa a nan suke tsayawa." Jiya tun safe bai tashi daga kujerarsa ba, kuma mutum ashirin sun shaida. Da ka ga tumbinsa ma ka san ba shi da alaƙa da tsugunno.

*

Na koma rumfar ni kaɗai. Maganar mai rini ta tsaya mini a wuya. Wane irin maƙiyi ne yake ɓarna yana waƙa, da rana tsaka?

Na sake tsugunawa. Wannan karon na leƙa ƙarƙashin benci. An share. Na leƙa bayan tankuna, inda ko kyanwa sai ta matse. An share. An kaɗe yanar gizo-gizo daga rufin. An wanke kofin shayin marigayi an kife shi a kan taga. Wayoyin da ya saba bari a hargitse, an naɗe su an rataye kamar igiyar shanya. Wanda yake ɓoye sawu, inda ya taka kawai yake sharewa, kuma da sauri yake yi. Wannan sharar mai gida ce. Layin tsintsiyar kuma ya nuna mai ita da hagu take riƙo.

Sai na tilasta wa idona ya koma kan takalman. Duk abin da ke cikin rumfar nan an ɗaga shi, an goge, an mayar. Ban da su. Tsintsiya ta zo daf da su ta kewaye, ta bar zoben tsohuwar ƙura a gindinsu, ko motsa su ba a yi ba. A gabansu kuma, a kan ƙasar da aka riga aka share, akwai gurbin gwiwoyi biyu. Gurbin ya yi zurfi. An daɗe a durƙushe a wurin.

Sai na tuna. Makulli ba biyu ba ne. Uku ne, mun manta da na mamaci.

Na fita ta ƙaramar ƙofar baya. Nan sawun yake a fili, babu wanda ya yi ƙoƙarin ɓoye shi: ƙaramin silifa, taku gajere, ƙafar dama tana ɗan ja. Gefe ɗaya ya fi nutsewa, alamar an ɗauki kaya mai nauyi. Taku talatin, sai ga bokiti a gindin katanga, an rufe shi da murfi an ɗora dutse. Na buɗe. Yauƙin da aka kankare ne, cikin ruwan kwata, warinsa na nan yadda na san shi. An ɗauko shi za a kai juji, ƙarfi ya ƙare a hanya. Na mayar da murfin.

Daga nan ban buƙaci kallon ƙasa ba. Shekara talatin ina ganin wannan sawun a ƙofar gidan abokina. Na bi shi dai, ina fata ya karkata wani wuri, bai karkata ba.

*

Maman Auta tana kwance a kan doguwar kujera a falo, an ɗaure ƙugu da ɗankwali. Gidanta kamar kullum, ko ƙuda ya sauka sai santsi ya ɗebe shi. Mace ce da duk unguwa ta san ta da tsabta. Shekara goma sha ɗaya marigayi yana tuɓe kayan aikinsa a zaure, ya yi wanka a bayan gida, kafin ta bar shi ya taka tabarmarta. Ko sau ɗaya ba ta taɓa leƙa rumfar ba yana raye.

Da ta gan ni ta yunƙura ta zauna, fuskarta a sake. Rabon da in ga haƙoranta tun kafin rasuwar.

"Baba Mai Sawu, yau kai ne a gidanmu? Bayana ne ya riƙe, tun jiya ban leƙa waje ba. Auta ta sauka kuwa?"

"Ta sauka. Tana rumfa."

"Ta gani?" Ta rage murya kamar yarinyar da ta ɓoye kyauta. "Kar ka ce na gaya maka. Ni ce. Wuni guda na yi."

Ta miƙo hannuwanta in gani. Fatar yatsun ta yi fari ta saɓule, na hagu ya fi ci.

"Manyan mutane za su zo jibi. In bari su shiga wannan ƙazantar, su toshe hanci, su koma suna cewa ashe da gaske Sarkin Kwata ne? Yana raye an yi masa dariya, ba za a yi masa yana kabari ba. Ka ga farantan nan? Wallahi datti ya yi kauri kamar tafin hannu. Shi namiji ne, bai iya ba, ita kuma Auta halin ubanta ta ɗauko. Sai da na ƙarar da soson ƙarfe huɗu." Ta yi 'yar dariya. "Me ta ce? Ta ji daɗi?"

Na kama ɓarayi sun fi ɗari. Na taɓa gaya wa mutum cewa ɗansa ne ya sace masa sa. Ban taɓa jin harshena ya yi nauyi irin na ranar ba. Na so in tashi in tafi, in ce sawu ya ɓace mini, tsufa ya ci idona. Amma akwai dattijo can da samari suka riƙe wa riga.

"Maman Auta," na ce, "bai taɓa gaya miki mene ne wannan dattin ba?"

"Kullum sai ya fara, a kan abinci. Ni kuma in ce ya bari mu ci lafiya."

Sai na gaya mata. A hankali na yi, da kalmomin da shi ya gaya mini. Tana kallona, murmushin yana nan a fuskarta, ya ƙi tafiya, har sai da na kai ga fitilar. Sannan ta dubi hannuwanta.

"Ta mutu?"

"Ta mutu."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce in tafi, tana zuwa.

*

Da rana ta yi sanyi aka taru a ƙofar rumfar. Mai unguwa a kan benci, Auta a tsaye ta harɗe hannu, mai gadi a tsugune, mai rini da mai caji kowa yana harar kowa.

Na ce mai gadi yana asibiti wajen matarsa, laifinsa barin aiki ne, ba kisa ba. Na ce mai rini bai wuce shinge ba, ban faɗi abin da ya kai shi ba, ya yi ajiyar zuciya har ana ji. Na ce mai caji bai tashi daga kujerarsa ba.

"To wane ne?" in ji mai unguwa.

"Babu maƙiyi a wannan aikin. Wanda ya yi, gyara ya zo yi. Ku sallami mutane, sauran magana ta cikin gida ce."

Wuri ya kaure. Wani ya ce an saye tsoho. Auta ta matso har gabana, idonta jawur.

"Baba, kai abokinsa ne. Gyara? Suna nake so. Na rantse, kuma ba zan janye ba."

"Ki janye, 'yata."

"Ba zan janye ba!"

Sai hayaniyar ta fara mutuwa daga baya, mutane suna darewa. Maman Auta ce take tahowa, tana jan ƙafar dama, ta dafe ƙugu. Ta wuce kowa, ta zo gaban 'yarta, ta buɗe tafin hannunta. Makullin ne, da ɗan zoben jan waya da marigayi ya ɗaura masa.

"A aljihun rigarsa na same shi," ta ce. "Ku saki bawan Allan nan. Ni ce."

Auta ta dubi makullin, ta dubi hannun da ke riƙe da shi.

"Mama?"

"Shekara goma sha ɗaya yana roƙona in zo in gani. In ce sai ya daina wari. Ranar da fitilar nan ta fara kamawa, da gudu ya shigo gida, da takalmansa da komai, yana kirana. Na kore shi waje saboda tabarma." Ta dubi fitilar da ke mace. "Ban taɓa yi masa komai a nan ba yana raye. Na ce bari in yi masa ko shara ce. Shara kaɗai na iya, Auta. Rantsuwarki tana kan hanya, kar ki janye saboda ni. Ni ma ban yafe wa kaina ba."

Mai unguwa ya miƙe ya kaɗa hannu, jama'a suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, waɗanda suka fi ɗaga murya su suka fara ɓacewa. Auta ta juya ta shiga rumfar. Muna jin kukanta daga ciki, irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Uwar ta tsaya a waje da makulli a hannu, ta rasa ko ta shiga ko ta koma.

Na je gindin katanga na ɗauko bokitin, da ƙyar, na dire shi a tsakiyar rumfar.

"Wannan ta kankare kafin ta zuba bilic," na ce. "A rufe ya kwana."

Auta ta share fuska da bayan hannu. Ta buɗe murfin, wari ya cika wurin. Ta ɗauko faranti biyu ta ɗauraye su sosai da ruwa, ta tsoma, ta haɗa wayoyin mitar. Mu uku muka sunkuya a kan allurar nan, don uwar ta shigo ba mu ji shigowarta ba. Allurar ba ta motsa ba.

"Sun mutu?" in ji uwar.

"Ban sani ba." Auta ba ta dube ta ba. "Ko da saura, sai sun sake kama faranti. Makonni. Wataƙila watanni. Wataƙila babu."

"Jibi fa?"

"Jibi babu fitila."

Uwar ta durƙusa a gaban bokitin, daidai inda warin ya fi ƙarfi. Na ga hannunta ya tashi zai kai ga hanci, ta mayar da shi kan cinya.

"Me suke ci?" ta ce.

Auta ta ajiye mitar a gefe. Sannan ta ce, "Ruwan wanke-wanke. Wanda babu sabulu da yawa." Ta ɗauko kwalbar man shafawa daga jakarta ta ajiye a kan benci, kusa da hannun uwar, ta fita.

*

Baƙi sun zo ranar Alhamis. Sun ga wuri fes, sun yaba tsabtarsa, sun ga fitila a mace. Suka yi ta'aziyya, suka ce a sanar da su in an samu wani abu, suka shiga motarsu. Mai gadi yana nan a bakin aikinsa. Auta ba ta koma birni ba, amma har yau ban ji ta ce ta janye rantsuwarta ba, ban kuma tambaye ta ba.

Wata uku ke nan. Ni ba na iya wuce ƙasa ban karanta ta ba, ciwo ne da ba shi da magani. Kowace safiya, a kan hanyar bayan unguwa, ina ganin ƙaramin silifa, taku gajere, ƙafar dama tana ja, gefe ɗaya ya nutse da nauyin bokiti. Sawun yana shiga rumfar, ba ya fitowa sai rana ta take. Jiya na leƙa. Tana zaune a ƙasa, tsakanin tanki na farko da takalman da har yanzu ba a ɗaga ba, mitar tana kan cinyarta.

"Baba Mai Sawu," ta ce, "kai da idonka yake ganin abin da namu ba ya gani, zo ka duba mini. Kamar ta motsa."

Na tsuguna na duba, na daɗe ina dubawa. Allurar tana kwance inda take.

"Hasken nan bai ishe ni ba," na ce. "Gobe zan dawo in sake dubawa."